Ga Ki Nan Sumul: Yadda Ciwon Lupus Ke Hana Mai Shi Aikin Yau Da Kullum

Idan aka tambayi likita inda haɗarin lupus yake, zai fara da ƙoda, sannan ya zo kan zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Idan aka tambayi wadda ke fama da ciwon, da wuya ta fara daga nan. Za ta ce ta yi wanki ta kasa matsewa, ko murfin jarka ya gagare ta buɗewa, ko kuma ta fito daga wanka sai da ta kishingiɗa ta huta kafin ta iya sa kaya. Dukansu gaskiya suka faɗa. Bambancin shi ne maganar likita tana shiga kati a rubuta mata magani, maganar mara lafiyar kuwa a tsakar gida take ƙarewa, inda ake yi mata fassara da son jiki.

Lupus ciwo ne na rikicewar garkuwar jiki. Aikin garkuwa ta gane ƙwayar cuta ta far mata. A jikin mai lupus sai ta daina tantancewa, ta koma kai wa naman jikin mai ita hari. Duk inda harin ya sauka sai wurin ya kumbura ya yi zafi: gaɓoɓi, fata, ƙoda, jini, tantanin da ya lulluɓe huhu da zuciya, jijiyoyi, har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa za a sami mutum biyu masu ciwo ɗaya, labarinsu ko kama bai yi ba. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ciwon daji ba ne, kuma babu abin da ya haɗa shi da ƙanjamau, ko da yake rama da ƙuraje da zubewar gashi sun sha jawo wa masu shi wannan zargin. Cikin mutum 10 masu lupus wajen 9 mata ne, kuma ya fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 45. A dubi shekarun nan da kyau. Su ne na karatu, na aure, na haihuwa da raino, na neman abin kai. Lokacin da aiki ya fi yi wa mace yawa ke nan, kuma babu mai yi mata uzurin tsufa.

An daɗe ana ɗauka cewa ciwon ba shi da yawa a Afirka ta Yamma. A 1968 wani likitan Birtaniya da ke aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, Brian Greenwood, ya wallafa cewa cututtukan rikicewar garkuwa sun yi ƙaranci a cikin waɗanda ake kwantarwa a can, har ya yi hasashen ko yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da makamantansa ne ke ba da kariya. Alhali a Amurka baƙaƙen mata sun ninka fararen fata sau 2 zuwa 3 wajen kamuwa, nasu kuma ya fi tsanani. Da aka fara samun likitocin gaɓoɓi a Najeriya, irin su Farfesa Olufemi Adelowo wanda a 2009 ya wallafa bayanan masu lupus da ya duba a Legas, sai ta bayyana ciwon yana nan, gano shi ne ba a yi. Mace za ta shafe shekaru ana ce mata maleriya da taifot, ana ƙarin ruwa ana sallama. Wata a ce sanyin ƙashi ne, wata a ce iska ce ko sammu. Gwajin jinin da ake farawa da shi, wanda ake kira ANA, yana fitowa a kusan duk mai lupus, amma yana fitowa a wasu masu lafiya ma, don haka sai ƙwararre ya haɗa shi da alamomi da wasu gwaje-gwaje, abin da galibi sai an kai ga manyan asibitoci irin na Aminu Kano ko Shika. Kafin a kai can, mutanen gida sun riga sun yanke nasu hukuncin a kanta.

Abin da ya fi rikita su shi ne halin ciwon na tashi da lafawa. Wanda ya karye kowa ya ga ɗauri, an san makonni zai yi yana jinya. Mai lupus kuwa ran Litinin za ta yi girki, ta share gida, har ta leƙa barka. Ran Talata ɗaga kai daga matashi ya zama aiki. Sai a ce, “Jiya-jiya fa kika je biki, yau kuma ki ce ba kya iya tashi?” Mai maganar yana ganin ya kama ta, bai san fitar jiyan ce ta kwantar da ita yau ba. Rashin tabbas ɗin nan shi kansa nauyi ne. Ba ta iya yin alkawarin ranar Asabar tun ranar Laraba. In ta karɓi ɗinki ko aikin abincin taro, da fargaba take kwana.

Gajiya ita ce babbar magana, kuma ita aka fi rainawa. Wajen 8 cikin 10 na masu lupus suna fama da ita, da yawansu ma sukan ce ta fi ciwon gaɓoɓin takura musu. Ba irin gajiyar wanda ya wuni a kasuwa ba ce, wadda wanka da barci ke wankewa. Mutum zai yi barcin awa tara ya tashi kamar an yi masa duka. Abin ya yi kama da kuɗin cefane a gidan da samu ya yi ƙaranci: mai lafiya yana kashe ƙarfinsa ba lissafi domin gobe wani zai shigo, ita kuwa da safe ake miƙa mata ɗan abin da aka miƙa, wata rana da auki wata rana babu, kuma komai sai an biya. Wanka da kuɗinsa, shirya yara makaranta da kuɗinsa, tsayuwa a bakin murhu, hawa bene, har zaman hira da baƙi. In ta ci bashin gobe, goben za ta biya a kwance.

A nan ake samun saɓani a gida. Uwar miji za ta leƙo ta ce, “Ke ’yar nan, ai ciwo in ana biye masa sai ya kwantar da mutum. Ga ki nan sumul, tashi ki motsa jini.” Ita kuma don kunya ba abin da za ta ce sai “To, Hajiya,” ta tashi ta ɗauki tsintsiya. Abin lura, Hajiya tana da rabin gaskiya. Motsa jiki na sannu a hankali, kamar tafiyar minti goma sha biyar bayan la’asar sakaliya, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, yana cikin ’yan abubuwan da bincike ya nuna suna rage gajiyar lupus, kuma yawan kwanciya yana ƙara sanyaya jiki. Inda ta kuskure shi ne daidaita wannan da sharar tsakar gida a sunkuye da rana tsaka, ranar da ciwon ya motsa. Kuma gajiyar ba tushe ɗaya gare ta ba. Akwai ta kumburin ciwon kansa, akwai ta ƙarancin jini, akwai ta rashin barci saboda zogi, akwai ta damuwa da ƙuncin zuciya, akwai ta matsalar maƙoƙo ko ƙarancin bitamin D. Wasu daga ciki ana iya gano su a magance su. Sai dai sau da yawa gwaji zai fito lafiya lau, likita ya ce ciwo ya lafa, gajiyar kuma tana nan daram. Wannan ba ya nufin ƙarya take yi.

Sai hannu. Kusan 9 cikin 10 suna samun ciwon gaɓoɓi, kuma ya fi son yatsu da wuyan hannu da gwiwa, sau da yawa dama da hagu tare. Da safe gaɓoɓin sukan sandare, sai an ɗauki lokaci kafin su saki. To aikin gidanmu kusan duk na damƙa ne da murɗawa. Tuƙa tuwo da muciya bayan ya fara kauri, wuyan hannu ne ke ɗauke da nauyin. Riƙe taɓarya, jan guga, matse zani, kankare ƙasan tukunya, murza dawadawa, yi wa yarinya kitso, ɗaure goyo. Za ka ga mace ta dafe tukunya da gefen hannu maimakon ta riƙe kunnenta, ko ta sa haƙori ta ɓare ledar magi, ko ta tura ƙofa da kafaɗa. Wanda bai sani ba ba zai ga komai ba, domin kumburin ba koyaushe yake fitowa fili ba, kuma lupus bai cika cinye ƙashin gaɓa ba, don haka hoton ƙashi yakan fito ba abin da ya nuna. Sauƙin da ake iya yi a nan ba mai tsada ba ne: a kai niƙa inji, ta zauna a kujera ta yi yanke-yanke, a raba ruwa a ƙananan bokitai, a dawo da aiki mai nauyi zuwa hantsi lokacin da yatsu suka saki, a naɗe mariƙin wuƙa da tsumma ya yi kauri.

Ciwon yana bin ta har kan sallaya. Sujada da zaman tahiya suna nannaɗe gwiwa, miƙewa daga ƙasa kuma sai an dafa da tafin hannun da ke zogi. Mata da yawa suna daurewa suna hawaye, wai kada a ce sun yi wasa da sallah, bayan addini ya riga ya yi sauƙi. A hadisin da Buhari ya ruwaito, Imrana ɗan Husaini da ke fama da basir ya tambayi Annabi (SAW), aka ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance ta gefe. Alwalar asuba da hunturu ma wata jarrabawa ce ga waɗanda jijiyoyin yatsunsu ke tsukewa in sun ji sanyi: yatsun su yi fari ko su dushe, su mutu, sannan su dawo da raɗaɗi. Ruwan ɗumi a fulas da safar hannu sun isa su canza mata safiya.

Rana kuwa, a ƙasarmu, ita ce matsalar da ba ta da mafita mai sauƙi. Akwai wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ke lalata ƙwayoyin fata. A jikin mai lupus, abin da ya fito daga ƙwayoyin da suka lalace yana tunzura garkuwar, sai ƙuraje su feso a kumatu da karan hanci, kuma ga wasu ba a fata abin ke tsayawa ba: zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi da gajiya su biyo baya, wani lokaci bayan kwanaki, har ba za a danganta su da fitar da aka yi ba. Baƙar fata ba ta hana wannan, hazo da gajimare ma ba sa tare hasken gaba ɗaya. Shawarar likitoci ita ce a guji rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. A faɗa wa mai tallar fura wannan, ko mai sayar da kayan miya a bakin titi, ko matar da ke shuka da cirar ciyawa, ko ɗalibar da ke tsayuwar layi, a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri da Yamai inda zafi ke haura digiri 40 da bazara. Suturarmu tana taimakawa, amma mayafi shara-shara ba ya tare komai, fuska da bayan hannu kuma a buɗe suke. Laima da malafa da man kariyar rana mai lamba 50 su ne makamin, sai dai man yana da tsada kuma sai ana maimaita shafawa. Wadda ta guji rana kuma tana buƙatar a duba mata bitamin D.

Akwai nau’in lupus da ke barin tabo a fata, tsakiyarsa fari gefensa baƙi, in ya fito a kai kuma gashin wurin ba ya dawowa. Tabon da ke fuskar mawaƙin Birtaniya Seal, wanda mahaifiyarsa ’yar Najeriya ce, irinsa ne. Ga budurwa ko amarya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana iya daina zuwa wajen mai kitso, ta daina shiga hoto, ta riƙa ƙirƙiro dalilin ƙin fita. Tarkon da ke jiranta a nan shi ne man bilicin. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid, wani maganin kashe kumburi mai ƙarfi, wasu da sinadarin makuri da ke lahanta ƙoda, ga shi suna sa fata ta yi laushi ta ƙara kasa jure rana.

Wani ɓangaren da masu ciwon ke jin nauyin faɗa shi ne dushewar tunani. Ta ɗora tukunya ta manta sai ƙauri ya tashe ta. Ta ba da canji ta kasa tuna nawa aka ba ta. Haddar da ta riƙe tun ƙuruciya ta riƙa kakare mata, kalma ta zo bakinta ta ɓace. Ɗalibar da aka sani da ƙoƙari ta karanta shafi sau uku ba abin da ya zauna. Galibi abin yana zuwa yana tafiya, kuma rubuta abubuwa da sa ƙararrawar waya da yin aiki ɗaya a lokaci ɗaya suna ragewa. Amma in ya kai ga farfaɗiya, ko sambatu, ko gane-gane, wannan alama ce ta ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa ko magani ya yi ƙarfi. A gidajenmu da an ga haka sai a ce aljanu. Addu’a ba ta hana zuwa asibiti, kuma wannan na gaggawa ne.

Domin a fahimci abin da ke hana mai lupus aiki, dole a rarrabe abu uku da ake cakuɗawa. Akwai ciwon da ke motsi yanzu, wanda magani ke kwantarwa. Akwai ɓarnar da ya riga ya yi, wadda ƙarin magani ba zai mayar ba. Akwai kuma illar maganin kansa. Na ukun nan ya fi yawa fiye da yadda ake zato, kuma firedinisolon ne kan gaba. Maganin ceton rai ne, cikin kwanaki yake kashe kumburi, mara lafiya ta ji kamar ta warke. Shi ya sa wasu ke komawa kemis suna saye da kansu. In aka daɗe ana sha da yawa sai fuska ta cika ta yi zagaye, tumbi ya fito, suga da hawan jini su shigo, barci ya ƙaurace, ƙashi ya yi rauni, yanar ido ta taso, naman cinya ya saki har tashi daga tsugune ya gagara. Mafi muni, jini yakan daina isa kan ƙashin ƙugu, ƙashin ya mutu, mace ’yar shekara 28 ta koma dogara sanda, wani lokaci sai an yi mata aikin sauya ƙugu. Mutane kuma suna ganin kumatun sai su ce, “Ma sha Allah, kin yi ƙiba, jiki ya yi kyau.” Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai, a shawarwarinta na 2023, ta ce a yi ƙoƙarin sauko da shi zuwa miligiram 5 ko ƙasa a rana, a janye in da hali. Sai dai saukowar aikin likita ce. Yanke shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana iya kai mutum ga halaka.

Ginshiƙin jinyar shi ne Plaquenil, ɗan’uwan kulorokwin ɗin da muka sani na zazzaɓi. Yana rage yawan tashin ciwon, yana kare gaɓoɓin jiki daga ɓarna, amma a hankali yake aiki, sai an yi watanni, shi ya sa ake yawan watsar da shi a ce ba ya komai. Mai shansa tana buƙatar gwajin ido a farko, sannan duk shekara bayan ta kai shekara 5 a kansa. A 2020, da aka yayata cewa yana maganin korona, mutane suka yi rububinsa ya yi wahalar samu a ƙasashe da dama, masu lupus suka shiga tasku a kan maganin da daga baya bincike ya nuna ba ya amfanar masu korona. Sababbin magunguna sun fito, kamar Benlysta da Amurka ta amince da shi a 2011 bayan fiye da shekara 50 ba a samu sabon maganin lupus ba, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mafi yawan mutanenmu. Duk da haka an yi nisa: a shekarun 1950 kusan rabin masu ciwon ba sa wuce shekara 5, yau a ƙasashen da ke da kyakkyawar kulawa fiye da kashi 90 cikin 100 suna haura shekara 10. Da yake rayuwar ta yi tsawo, tambayar yadda ake yin ta kullum ta zama dole.

Ƙoda ita ce ke aiki a ɓoye. Kusan rabin masu ciwon yana taɓa musu ita, baƙaƙen fata kuma sun fi shiga wannan sahun. Ba ta zogi da farko. Alamar sai kumfa a fitsari, kumburin ƙafa da fatar ido da safe, da hawan jini. Gwajin fitsari mai arha, in ana yi a kai a kai, yana kama ta da wuri. In aka yi sake ta gaza, rayuwa ta koma ta wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako, kowane zama wajen awa 4, ban da kuɗin mota da jiran layi da kwanciyar bayan an dawo. Mawaƙiyar Amurka Selena Gomez, da duk dukiyarta da likitocinta, sai da aka yi mata dashen ƙoda a 2017 saboda lupus.

Maganar aure da haihuwa ita ce ta fi ɗaga hankalin iyaye. Mai lupus tana aure, tana haihuwa, da yawa lafiya lau. Sharaɗin shi ne shiri. Ana so ciwon ya yi aƙalla wata 6 a kwance kafin a ɗauki ciki, kuma a canza magungunan da ke lahanta ɗan tayi, irin su CellCept da metotirekset, zuwa waɗanda suka dace kamar Imuran. Plaquenil ana ci gaba da shi har cikin goyon ciki da shayarwa. Wajen kashi ɗaya cikin uku suna da wani sinadari a jini da ke ƙara haɗarin daskarewarsa, wanda ke jawo ɓari a jere, kuma in an gano akwai maganin da ake bayarwa. Wannan duk yana nufin dole miji ya shiga ɗakin likita a yi maganar tazarar haihuwa da shi. A gidan da amarya ta shekara ba ciki aka fara gunaguni, cewa a jira wata shida ba magana ce mai sauƙi ba, kuma bai kamata a bar wa matar ita kaɗai ta kare ta a gaban dangin miji ba. Bayan haihuwa ma ciwon yakan motsa, daidai lokacin da ga jego ga rashin barci.

A wajen aiki, ma’aikaciyar gwamnati tana da ɗan sauƙi in aka kwatanta da tela, mai kitso, mai lalle ko mai suyar awara, waɗanda ranar da ba su fita ba babu ko sisi. Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma a idon shugaban ofis nakasa ita ce keken guragu ko sandar makaho. Abin da mai lupus ke buƙata kuwa ƙanana ne: a matsar da teburinta daga taga, a ba malama kujera a aji, a ɗauke mata tsayuwar taron safe, a bar ta ta je asibiti ranar ganin likita ba tare da an ɗauke ta mai zillewa ba. Kada kuma a manta da namiji ɗayan nan cikin goma. Nasu yakan zo da tsanani, musamman a ƙoda, kuma manomi ko ɗan acaɓa ko mai facin taya ba shi da inuwar da zai koma.

Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, kuma a nan ake yi wa mai lupus hisabi mafi zafi. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, dubiya, duk ana ƙirga wanda ya zo da wanda bai zo ba. In ta je, ga zama a rumfa da rana, ga cunkoson da mai shan maganin danne garkuwa ke iya kwasar mura ko tari a ciki. In ba ta je ba, an ce girman kai. A hankali sai a daina gaya mata sha’ani, kaɗaici ya ƙaru a kan ciwo, damuwa kuma ta ƙara gajiya. Azumi ma haka. Wadda ciwonta ke kwance tana iya yi, a daidaita mata shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki. Wadda ƙodarta ta taɓu ko ciwon ke tashe, ƙishin bazara na iya yi mata illa, kuma ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame. Likita da malami ne za su faɗa, ba kunyar idon yaran gida ba.

Akwai wata ɗabi’armu mai kyau da ke zama cikas a ɗakin likita. In aka ce “Yaya jiki?” amsar ita ce “Da sauƙi, alhamdu lillahi,” ko da mutum bai runtsa ba. Likitan da ke da layin mutum arba’in a waje zai rubuta cewa akwai sauƙi, ya duba takardar gwaji, ya ba da wata uku. Godiya ga Allah daban, bayanin ciwo daban. Abin da zai amfane shi ya ji shi ne: kwana nawa a watan nan ta kasa girki, minti nawa yatsu ke ɗauka kafin su saki da safe, sallah nawa ta yi a zaune, ko gashi ya ƙaru a jikin mataji. Wadda ta rubuta waɗannan a ɗan littafi, ko ta ɗauki hoton ƙurajen da waya ranar da suka fito, ta ba likitanta abin da gwajin jini ba zai ba shi ba.

Masu kawo magani kuma ba sa ƙarewa. Kowa da saiwarsa da jiƙonsa, wasu da kwalaben da aka rubuta suna ƙarfafa garkuwar jiki. Mai lupus ba raunin garkuwa ke damunta ba, ɓatan kan garkuwar ne, don haka abin da zai ƙara zuga ta ba alheri ba ne, ga shi ba a san abin da jiƙon zai yi wa ƙodar da ke fama ba. Magungunan kashe zogi irin su Cataflam da ibufurofen, da ake saye kamar gyaɗa, suna cutar da ƙodar da ta taɓu. Septrin ma masu lupus sun fi sauran mutane samun matsala da shi. Taba da shisha suna rage ƙarfin Plaquenil.

Zazzaɓi shi ne abin da ba a yi masa jinkiri. A jikin mai lupus yana iya zama maleriya, yana iya zama wata ƙwayar cuta da ta samu ƙofa saboda magungunan da ke danne garkuwa, har da tarin fuka, yana kuma iya zama ciwon ne ya tashi. A ido duk ɗaya suke, amma maganinsu ya saɓa: tashin ciwo ana ƙara masa maganin danne garkuwa, ƙwayar cuta kuwa in aka ƙara mata shi ba tare da an kashe ta ba sai ta bazu. Firedinisolon kuma yana iya ɓoye zafin jiki, cuta ta yi nisa ma’auni bai nuna sosai ba. Don haka mai lupus da ta ji zazzaɓi, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ƙirji na suka in ta ja iska, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, asibiti za a nufa a ranar, da katinta da kwalayen duk magungunan da take sha.